Rasuwar Shamuwa a Tsakiyar Kogin Gashaka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni Malam Kamilu Tafashiya, malamin makaranta mazaunin Kankiya, a madadin kaina da iyalina, ko in ce waɗanda abin ya dama a cikinsu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata, abokiyar tafiyata, wadda aka fi sani da Shamuwa. Ta rasu a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, a tsakiyar wani kogi cikin gandun namun daji na Gashaka da ke jihar Taraba. Ta rasu nesa da gida, tana kan aiki, ƙafata tana kan birkinta.

Marigayiya doguwar mota ce mai kujeru layi uku. Baƙa ce, sai ƙasanta da wani mai fenti ya shafa wa fari, dalilin da ya sa yaran unguwa suka laƙaba mata sunan da ya bi ta har ƙarshe. Babu wanda ya san ainihin shekarunta. Da tsufanta ta shigo ƙasar nan, ta zauna a hannun wasu kafin ta zo hannuna, kuma ko a gidana ta girmi Rauda, babbar ɗiyata.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa tashi da gaggawa ba. In na murɗa makulli da safe sai ta ce "kir-kir-kir", ta yi shiru kamar mai nazarin maganar da za ta faɗa, sannan ta ce "gurrum", kajin maƙwabta su watse. Ita ta kai matata Ma'u asibiti da naƙudar Sagir, cikin ruwan sama, da fitila ɗaya. Ita ta yi ta jigilar buhunan gyaɗa daga Kunduru har bayanta ya sunkuya bai ƙara miƙewa ba. Ta ɗauki amare, ta ɗauki ragunan layya, ta ɗauki marasa lafiya, ba ta taɓa tambayar wanda ya shiga ko ya goge takalminsa ba. Ƙahonta ya daɗe da dushewa, in na danna sai ta ce "miiik" kamar ɗan akuya, amma duk Kankiya an san muryar, ana ba ta hanya.

Ya zama dole a wannan sanarwa in ambaci wani daga cikin waɗanda suka ci arzikinta, domin jama'a su yi hukunci da kansu. Shi ne Sharafaddeen, ƙanin matata, ɗan Kusada. Marigayiya ce ta kai shi makarantar kwana da akwatin ƙarfensa, yana siririn yaro, ya yi mata amai a kujerar tsakiya, ta yafe. A jikinta ya koyi tuƙi. Lotsawar da ke ƙofarta ta hagu aikinsa ne, ranar da ya ɗauka bishiyar dalbejiya za ta kauce masa. Yanzu yana aiki a Abuja, kuma ya sayi jif. Fara ce, mai tsayi, in za ka shiga sai ka taka wani ƙarfe kamar mai hawa raƙumi. Ba ta da murya. Tana iya tsayawa a bayanka da injin a kunne ba ka sani ba, kuma ni ban yarda da abin da ke aiki ba ya magana ba. Ban taɓa cewa komai a kan wannan jif ba. Ko kallonta ban cika yi ba. Na dai lura kujerunta na fata ne, kuma kowace tana da nata wurin ajiye kofi.

Ga yadda ciwon ajali ya faro.

Shekara da shekaru ina yi wa yarana alkawarin zan kai su su ga namun daji da idonsu, ba a littafi ba. Ni na kawo maganar. Ni na aro tantuna daga wurin 'yan sikawut na makarantarmu. Ni na zauna da bakanike ya duba marigayiya daga kai har ƙafa, aka sake mata mai, aka ɗaure mata salansa da sabuwar waya. Sai Ma'u ta yi wa ƙaninta hirar a waya, shi kuma ya ce ai ba za a yi babu shi ba. Tun daga wannan rana, tafiyar ta canja suna. Na ji Sagir da kunnena yana gaya wa abokansa a ƙofar gida wai Kawu zai kai su daji.

Ranar tashi, Sharafaddeen ya zagaya marigayiya yana shafa gemu, ya ce, "Yaya Malam, da Hajiya za mu tai? Ko dai mu ajiye ta wurin Inna a Kusada, su riƙa hira?"

Ƙanin mata abokin wasa ne, don haka na yi dariya. A rubuta cewa na yi dariya.

Aka zo lodi. Tantuna, tabarmi, tukwane, risho, buhun shinkafa, jarkokin ruwa, galan ɗin manja, duk a kan marigayiya aka ɗora, saboda wai manja yana ɓata kujerar fata. Jif ta ɗauki mai ita da kular lemo.

Mun bar Kankiya iyalina duka suna cikin Shamuwa. Ba mu kai Bichi ba Rauda ta ce wayarta za ta mutu, ga shi motar Kawu tana da wurin caji. Na tsaya, ta sauka. A Bauchi Sagir ya ce zai je ya kira Rauda, bai dawo ba. Zuliha, autarmu, ba ta isa ta ƙirƙiro dalili ba, sai kawai ta manna fuskarta a gilashi tana kallon farar motar da ke gabanmu, tana jan hanci. Marigayiya ta ga duk wannan. Sai ta fara wani sabon sauti daga ƙarƙashi, "taf, taf, taf", wanda ban taɓa ji ba sai a wannan tafiya.

Muka kwana a Gombe gidan wani abokina, muka bi ta Jalingo. Bayan Bali hanya ta fara hawa, tsaunuka suka taso kore shar, irin waɗanda ɗan Katsina ba ya gani sai a kalanda. Nan zazzaɓi ya kama ta. Sai in tsaya in buɗe mata kai, in jira ta huce, in ba ta ruwa. Duk tsayawar da muka yi, in na ɗaga ido sai in hango jif can gaba a gindin bishiya, gilasai a rufe, tana jiranmu. Da Sharafaddeen ya yi tsaki ko ya yi ƙorafi, da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. Sai ya sauko da lemo mai sanyi ya miƙo mini ya ce, "Sannu Yaya, ba sauri muke ba." Na sha lemon ne kawai don kada a yi almubazzaranci.

Amma ta kai. Ina so a san wannan. Ta shiga Serti da ƙafafunta, ta bi jar hanyar gandu mai duwatsu da kwazazzabai, da kayan mutum shida a kanta, har bakin kogin da aka nuna mana mu kafa tantuna. Ma'aikatan gandun suka haɗa mu da ɗan rakiya mai bindiga, mutumin kirki. Ya dubi motocin biyu, ya shiga jif.

Ba zan ɓoye ba, wurin yana da kyau. Da yamma Ma'u ta ɗora taliya a kan risho, tsuntsaye iri-iri suna ta kuka, ruwa yana wucewa a kan duwatsu fari tas. Wani gadu ya fito daga ciyawa da 'ya'yansa a baya, wutsiyoyinsu a tsaye, Zuliha ta yi ihun murna har ta faɗi zaune. Na dubi fuskokin yarana na ce a raina, yau na cika alkawari. Sai Sagir ya juya ya ce, "Kawu, mun gode!"

Washegari gwaggon birai suka kawo ziyara. Gilashin marigayiya na baya ya daɗe ba ya rufuwa, wani babba ya zura hannu ya ɗauke burodinmu gaba ɗaya. Ma'u ta yi salati. Ni kuwa na ji daɗi, domin ko dabba ta gane wace mota ce ke ciyar da gidan. Bayan ya ƙoshi sai ya haye kan jif ya zauna yana kallon fuskarsa a madubi, yara suka yi ta ɗaukar hoto. Na duba wayar Rauda bayan mun dawo gida. Jif da biri, jif da tsauni, jif da Kawu, jif ita kaɗai rana tana faɗuwa a bayanta. Marigayiya ta fito a hoto ɗaya, shi ma gefen fitilarta ta baya ce, kuma an yi ƙoƙarin yanke ta.

Da hantsi ɗan rakiya ya kai mu da ƙafa wani gurbi mai zurfi, ƙasa kaɗan da inda muka sauka. Muka laɓe a bayan duwatsu. Sai ga kunnuwa, sai ga hanci, sai ga dorina ta ɗago kai ta buɗe baki. Ban taɓa ganin baki irin wannan ba, Zuliha za ta iya zama a ciki ta miƙe ƙafa. Muka dawo wurin tantuna. Daga nan aka ce ɓauna suna ƙetaren kogi, kuma akwai mashigi inda motoci ke ratsawa, sama da gurbin.

Aka tsaya a bakin mashigin. Sharafaddeen ya ce, "Yaya Malam, mu matsu cikin tawa duka. A bar Hajiya ta huta, ta yi ƙoƙari. In ta shiga ruwan ga, sai dai ya zama wankan ƙarshe."

Rauda da Sagir suka fashe da dariya. Ɗan rakiya ya juya baya. Ma'u ta sa gefen mayafi ta rufe baki, amma na ga kafaɗunta suna motsi. Duk wannan a gaban marigayiya aka yi, injinta a kunne.

Jif ta shiga ruwa ta fita kamar mai tsallake kwata. Na koma na zauna a bayan sitiyari. Ma'u ta biyo ni ta leƙo ta taga.

"Malam, mi ya yi zafi? Wasa fa shike maka."

Na ce, "Ki bi su. Ni da ita mun saba."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta zagaya ta buɗe ƙofa ta shigo, ta ɗora Zuliha a cinya, yarinyar tana kuka tana miƙa hannu wajen ƙetare. Ma'u ta ce, "To mu tai. Amma wallahi in na jiƙe, kai za ka wanke zanen."

Marigayiya ta shiga ruwan da mutuncinta. Ta taka duwatsun farko lafiya. Ruwa ya kai rabin taya, ya rufe taya, ta ci gaba tana "gurr, gurr", har na fara shirya fuskar da zan fito da ita a ƙetare. Muna tsakiya ƙafarta ta gaba ta faɗa wani rami. Ta sunkuya. Ta ce "gulu-gulu-gulu". Ta ce "tuf". Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofofi, mai sanyi kamar ƙanƙara. Na ji bayan motar yana ja a hankali, ruwa yana turo shi wajen gurbin da muka baro. Na danne birki da duk ƙarfina, ta tsaya. Na ɗan sassauta don in juya in karɓi Zuliha, sai na ji ta sake motsawa. Birkin hannunta ya riga ta rasuwa da shekaru. Na mayar da ƙafa, na haɗa da ɗaya ƙafar, na riƙe sitiyari. Ruwa ya kai gwiwata. Zuliha ta daina kuka, ta ƙanƙame wuyan uwarta, idanunta a kaina. Ma'u tana ta addu'a a hankali. Ɗiyata tana nan kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa ta, amma ba ni da ikon ɗaukarta in fita.

Na ɗaga murya na ce, "Sharafaddeen! Zo ka ɗauki yarinyar nan!"

A rayuwata ban taɓa faɗin magana mai ɗaci kamar wannan ba.

Ya riga ya shigo ruwan kafin in rufe baki, da shaddarsa da agogonsa. Ya zaro Zuliha ta taga ya ɗora ta a wuya, ya kai ta gaɓa, ya dawo shi da ɗan rakiya suka riƙe Ma'u har ta fita. Sannan ya jawo wata igiyar ƙarfe daga gaban jif ya ɗaura wa marigayiya a ƙirji. Ya leƙo ta taga, ruwa yana zuba daga gemunsa, babu wasa a fuskarsa ko kaɗan, ya ce, "Yaya, saki birkin. Na riƙe ku."

Ƙafafuna sun ƙi sakuwa. Sai da na sa hannu na ɗaga su.

Jif ta jawo ta waje ba tare da ko nishi ba. Muka kwantar da ita a kan yashi, ruwa yana fita daga kowace ƙofa, har da wani ɗan kifi. Na murɗa makulli. Babu "kir", babu komai.

Ina roƙon masu karanta wannan sanarwa su lura da abu ɗaya. Matacciyar mota ce ta dafe duwatsun kogi da tayoyi huɗu da suka suɗe, ta ƙi tafiya, har aka fitar da matata da ɗiyata. Amma je ka tambayi Zuliha. Ta gaya wa 'yan ajinsu, ta gaya wa kakarta a Kusada, ta gaya wa mai kosai: dorina ta zo za ta cinye ta, Kawu ya ɗauke ta a wuya, motar Kawu ta ceci Baba. Har da dorinar da ba ta zo ba an saka a labarin, marigayiya kuwa ba a ambace ta ba. Ɓaunan ma, su Rauda sun je sun gan su da yamma, a cikin jif. Ni na zauna tare da gawa. An ce garke ne babba. Ban nemi a nuna mini hoton ba.

Bakanike ya ce ruwa ne ya shiga injin ya lanƙwasa mata ƙashi, kuma gyaran ya fi ƙarfin shekarunta. Shi bakanike ne, iyakar abin da ya gani ke nan. Ni da na zauna da ita na san ruwa ya tarar da ita ne da rauninta. Tun daga Bichi take ciwo.

An ɗauko gawar a bayan wata babbar mota da ta yi lodin doya za ta Katsina. An yi mini tayin kujerar gaba a jif, na gode, na ce ba a barin mamaci shi kaɗai. Na hau na zauna a mazaunina, a bayan sitiyari, doya ta kewaye mu ta ko'ina. Wajen Gombe jif ta wuce mu, yarana suna ɗaga mini hannu ta taga. Ma'u ba ta ɗaga ba. Ta dai sa an tsaya a gaba, ta miƙo mini kwanon abinci da bargo, ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka," kuma idanunta sun yi ja.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wanda yanzu yake zuwa makaranta a bayan ɗan acaɓa. Ta bar Ma'u, wadda ta shiga ruwa tare da ita. Ta bar yara uku, biyu daga cikinsu sun yi sabuwar uwa tun tana da rai. Ta bar safayar taya da ba ta taɓa riƙe iska ba, da jak, da jarkar ruwanta, da dutsen da nake sa mata a ƙafa in na ajiye ta a gangare. Ta bar samarin unguwa da suka yi shekaru suna tura ta da safe, waɗanda suka zo gaisuwa da fuskokin da ban gamsu da su ba.

Sharafaddeen ya zo ta'aziyya har gida. Ya zauna a ƙasa, ya cire hula, ya ce a jikinta ya koyi tuƙi, ba zai manta ba. Na so ƙwarai in samu laifi a maganar, ban samu ba, kuma wannan ma na ƙara shi a cikin abin da nake riƙe da shi.

Ga tsarin jana'iza. 'Yan gwangwan sun zo da ma'auninsu, na sallame su, ba za a yanka ta a sayar da kilo ba. Za a kai ta gonarmu ta Tafashiya ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a ajiye ta a gindin tsamiya, inda masu noma za su riƙa fakewa a cikinta in hadari ya taso. Sharafaddeen ya ce zai zo da jif ya ja ta. Na ce ja ɗaya ya isa. Hamma, Bafulatanin da ke da ruga kusa da gonar, ya yarda zai kawo bijimansa biyu na huɗa, su za su ja ta, a hankali, yadda ta saba tafiya.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana da ke Kankiya. Masu zuwa a kan babur ko keke su shigo har zaure. Masu zuwa da jif, musamman fara, ana roƙonsu su ajiye ta a bakin titi su ƙaraso da ƙafa, haka kuma za su raka gawa.

Ni zan riƙe sitiyari. Jiya da yamma Rauda ta turo Sagir, Sagir ya turo Zuliha, ta zo ta tsaya a gabana tana murɗa bakin riga, ta ce wai su Yaya Rauda sun ce in tambaye ka, ko za ka bari su ukun su zauna a ciki har gona.

Na ce zan yi tunani. Na riga na goge kujerun.